Casio fx-991ES PLUS da lissafin haɗa ƙarfi: abin da na gani cikin shekara shida

Yayana ne ya kira ni wata Asabar da hantsi, ya ce ɗansa na fari ya shiga aji biyu na babbar sakandare, an sa shi ajin kimiyya, kuma an ce a saya masa kalkuleta. Ya ce, "Kai ne malami, wacce zan saya da ba sai na sake saye ba?" Iyaye da yawa sun yi mini wannan tambaya a bakin ƙofar makaranta, kullum amsar da nake ba su a tsaitsaye ce. Yau na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani filla-filla game da wadda nake amfani da ita, Casio fx-991ES PLUS, wadda take aljihun rigata shekara shida ke nan.

Ina koyar da fiziks da kuma lissafi mai zurfi, wanda ɗalibai ke kira "fada mas". A kwalin kalkuletar an rubuta tana da ayyuka 417. Ban ƙirga ba, kuma ban taɓa rabinsu ba. Saboda haka ba zan yi magana a kan komai ba. Zan auna ta da darasin da ya fi wahalar da ɗalibaina kowace shekara, wato bekta: yadda ake haɗa ƙarfi da ƙarfi, yadda ake gano girman abin da aka haɗa, da yadda ake fitar da bekta mai girman ɗaya. Idan kalkuleta ta riƙe ɗalibi a wannan darasi, to za ta riƙe shi a sauran.

Ga wanda ya daɗe da barin aji, ga abin a taƙaice. Mota ta kafe a caɓo da damina. An ɗaura igiya biyu a gabanta, mutum biyu suna ja. Ɗaya yana ja da ƙarfin nuton 300, ɗayan da 400 (nuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Yaro zai ce jimilla 700 ne. Hakan zai zama gaskiya ne kawai idan su biyun suna kan layi ɗaya, suna ja wuri ɗaya, kamar masu ɗaga jinka da duk sama suke turawa. Idan ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi arewa, abin da motar take ji 500 ne. Idan kusurwar da ke tsakanin igiyoyin digiri 60 ce, tana jin kusan 608.3. Idan kuwa suka juya wa juna baya, 100 kawai ya rage. Lambobin ba su canza ba, inda kowa ya dosa ne ya canza. Duk abin da yake da girma kuma yake da inda ya dosa, shi ne bekta. Ƙarfi bekta ne, gudun iska bekta ne, amma nauyin buhun masara a kan sikeli ko zafin rana ba bekta ba ne, lamba ce kawai.

Kalkuletar tana da sashe na musamman don wannan aiki. Ka danna MODE sannan 8, ka shiga. Za ta nuna maka gurbi uku, VctA, VctB da VctC, ta tambaye ka bekta mai lamba biyu kake so ko mai lamba uku. Mai biyu ita ce ta shimfiɗaɗɗen fili, kason gabas da kason arewa. Mai uku tana ƙara kason sama ko ƙasa. Ka zuba lambobin, ka danna AC, sannan duk lokacin da kake son kiran wata bekta sai ka danna SHIFT da 5, jerin ya fito. Wannan AC ɗin yana tsorata sababbin ɗalibai, suna ganin zai goge abin da suka shigar. Ba ya gogewa. Nakan ɗauki minti biyar na darasin farko a kan wannan kaɗai, don idan yaro bai yarda da maɓallin ba, sai ya yi ta sake shigar da lambobi har lokaci ya ƙure masa.

Misalin da nake fara musu da shi na eriyar gidanmu ne, don a zaure nake yin darasin yamma, kuma suna ganinta daga inda suke zaune. Bututun ƙarfe ne a tsaye, da wayoyi uku da suka riƙe shi kada iskar farkon damina ta kayar. Mu ɗauki waya ɗaya. Daga kan bututun zuwa turken da aka ɗaure ta, ka yi mita 2 gabas, mita 3 arewa, ka sauka mita 6 ƙasa. Bektar ita ce 2, 3, da −6. Tsawon wayar nawa ne? Da hannu, ka ninka kowace lamba da kanta, 4 da 9 da 36, ka tara su 49, ka ɗauki tushensa, 7. A kalkuleta, ka danna SHIFT da hyp, kalmar Abs ta fito, ka kira VctA, ka danna alamar daidai, 7 ya bayyana. Ranar farko da muka yi wannan na sa wani yaro ya ɗauko tef ɗin awo ya gwada irin wannan lissafi da zare a cikin zauren, daga ƙusar da ke bango zuwa ƙafar benci. Da awon tef ya zo daidai da abin da ke allon kalkuletar, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, ashe da gaske ne." Wannan kalma tasa har yau tana raina.

Sai bekta mai girman ɗaya. A nan ne nake da magana mai tsawo, don a nan ne mutane suke kushe wannan kalkuleta, ni kuma ban yarda da su gaba ɗaya ba. Bekta mai girman ɗaya ita ce wadda aka cire mata girma aka bar mata alƙibla kawai. Kamar ka nuna wa baƙo hanya da yatsa ne, ba ka faɗa masa nisa ba, ka dai nuna masa inda zai dosa. Ana samunta ta hanyar raba bekta da girmanta. Ta wayar eriyarmu ita ce 2 bisa 7, 3 bisa 7, da −6 bisa 7, wato 0.2857, 0.4286 da −0.8571. Amfaninta yana fitowa ne idan aka ce wayar tana jan bututun da ƙarfin nuton 140. Ka ninka 140 da waccan bekta mai girman ɗaya, sai ka ga ƙarfin ya rabu: 40 yana jan bututun gabas, 60 yana jansa arewa, 120 yana danna shi ƙasa. Duk injiniyan da ke lissafin turakun wuta ko eriyar waya da wannan yake farawa.

To fx-991ES PLUS ba ta da maɓallin da zai ba ka wannan kai tsaye. Sai ka rubuta da kanka: VctA, alamar rabawa, Abs, VctA kuma. Ƙanwarta fx-991EX, wadda ta fito a 2015 da ayyuka 552, tana da shi a jerinta, tana da na gano kusurwa tsakanin bekta biyu, kuma gurbinta huɗu ne ba uku ba. Wani abokin aikina yana da ita, na ara na yi mako guda da ita, kuma gaskiya ta fi sauri, allonta ya fi fitowa tas. Idan injiniya ne ko ɗalibin jami'a da ya riga ya san abin da yake yi, ita zan ce ya nema. Amma ga yaron sakandare, rashin wannan maɓalli alheri ne a ganina. Duk lokacin da ya nemi bekta mai girman ɗaya, dole yatsunsa su maimaita ma'anarta: bekta a raba da girmanta. Bayan ya yi sau ashirin, ba sai ya haddace ba, ta zauna. Na ga ɗaliban da suka zo da mai maɓallin, suna fitar da amsa daidai, amma ka karɓe kalkuletar ka ce su gaya maka me ya sa girman amsar ya zama ɗaya, sai su yi shiru. Haka ma kusurwa tsakanin bekta biyu: a wannan kalkuleta sai ka yi amfani da Dot, na bakwai a jerin, wanda yake ninka kowane kaso na bekta ɗaya da takwaransa na ɗayar ya tara su, ka raba da girman biyun, sannan ka juya da cos⁻¹. Matakin da malamin jarrabawa ke ba maki a kai ke nan, kuma ita tana tilasta maka bi ta kansa.

Ba wai ba ni da ƙorafi ba. Gurbi uku sun yi kaɗan. Tambayar da ke da ƙarfi huɗu ko biyar a kan abu ɗaya ba baƙuwa ba ce, sai ka haɗa uku, ka riƙe amsar a VctAns, inda kalkuletar ke ajiye amsar ƙarshe, ka koma ka canza ɗaya daga cikin guraben, kuma a wannan komawar ake yin kuskure. Na biyu, da zarar ka shiga sashen bekta, kyakkyawan rubutun nan nata irin na littafi yana ɓacewa, ta koma rubutun layi ɗaya. Girman bekta 2 da 3 ba za ta ba ka √13 ba, sai 3.605551275. Idan tambaya ta ce a bar amsa da alamar tushe, sai ka yi da hannu ko ka fita zuwa sashen farko. Kuma idan ka fita, lambobin da ka shigar sun tafi, sai ka sake zubawa. Na uku, wanda ya fi damuna: sashen bekta yana karɓar kaso ne kawai, na gabas da na arewa. Amma yawancin tambayoyin ƙarfi ba haka suke zuwa ba. Suna zuwa ne da girma da kusurwa: nuton 30 a digiri 120. Dole ka rubuta 30cos120 a gurbi ɗaya, 30sin120 a ɗayan, ga kowane ƙarfi. Tana karɓa, amma danne-dannen suna da yawa.

Na fi shekara biyu ina wannan wahala kafin wani tsohon ɗalibina da ke karatun injiniyan lantarki ya kawo mini ziyara da hutu. Ya same ni ina shirya darasi, ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Malam, a gafarce ni, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi." Ya karɓi kalkuletar ya danna MODE da 2, sashen da aka rubuta CMPLX. Su a can suna amfani da shi wajen lissafin wutar lantarki, amma lissafin ɗaya ne da na ƙarfi a shimfiɗaɗɗen fili. A wannan sashe akwai alamar kusurwa, ∠, wadda ake samu da SHIFT da maɓallin ƙaramar alamar ragi. Sai kawai ka rubuta tambayar yadda ta zo.

Ga wadda muka gwada ranar, har yanzu tana cikin littafin darasina. Ƙarfi uku suna jan zobe ɗaya: nuton 40 a digiri 0, nuton 30 a digiri 120, nuton 20 a digiri 210. Ya rubuta 40∠0 + 30∠120 + 20∠210 a layi ɗaya, ya danna SHIFT, 2, 3, sannan daidai. Amsa ta fito: 17.73 a kusurwar digiri 64.3. Ni kuwa na ɗauki takarda na bi ta doguwar hanya don in tabbatar. Kason gabas: 40, a cire 15, a cire 17.32, saura 7.68. Kason arewa: 25.98 a cire 10, saura 15.98. Girma 17.73. Kusurwa 64.3. Daidai wa daida. Kuma babu iyakar gurbi uku, ko ƙarfi shida ne sai ka jera su. Idan tambaya ta nemi ƙarfin da zai tsayar da zoben cik, girmansa dai 17.73 ne, ka ƙara 180 a kusurwar, 244.3. Tun daga ranar, duk tambayar da ba ta da sama da ƙasa, ta CMPLX nake duba amsata, sashen bekta kuma na bar shi ga masu lamba uku. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutane da yawa suna riƙe da wannan kalkuleta shekara da shekaru ba su taɓa danna 2 ɗin nan ba, suna ganin na 'yan jami'a ne. A wurina wannan sashe kaɗai ya biya kuɗinta.

Ba na koya wa ɗalibai wannan gajeriyar hanya sai sun iya doguwar. Ta dubawa ce, ba ta rubutawa a takardar amsa ba.

Akwai wasu maɓallai biyu da ya kamata in yaba, Pol da Rec, a saman alamar tarawa da ta ragi. Pol yana karɓar kason gabas da na arewa ya ba ka girma da kusurwa, Rec kuma akasin haka. Darajar Pol ta fito mini ne ta dalilin wata ɗaliba mai ƙoƙari ƙwarai, wadda ta kawo mini takardar gwajinta idonta ya yi ja. Ta haɗa ƙarfinta daidai, ta samu −8 da −6, girma 10. Ta raba −6 da −8, ta danna tan⁻¹, ta samu 36.87, ta rubuta. Na soke. Ta ce, "Malam, wallahi abin da kalkuleta ta ba ni ke nan." Na ce na yarda, ba ta yi miki ƙarya ba, amma ke kika jefar da alamomin ragin tun kafin ki tambaye ta, don ragi a raba da ragi ya zama tari. Na ce ta zana. Takwas yamma, shida kudu. Kibiyar ta dosa kudu maso yamma, ita kuma amsarta tana nuna arewa maso gabas. Sai na sa ta danna Pol ta shigar da −8 da −6 kowanne da alamarsa. Ta ba ta 10 da −143.13, wato digiri 216.87 idan an zagaya ta ɗaya gefen. Pol ba ya jefar da alama. Abin da za a sani kawai shi ne amsarsa tana faɗawa tsakanin −180 da 180, idan ta zo da ragi ka ƙara 360. Kuma idan tambaya da awon kamfas ta zo, wanda ake ƙirgawa daga arewa ana bin hannun agogo, sai ka juya da kanka, don kalkuleta daga gabas take ƙirgawa tana saɓa wa hannun agogo. Yarinyar ba ta sake faɗawa wannan rami ba, har ta riƙa gyara wa ƙawayenta.

Wani abin ya faru da ni kaina a gaban aji. Wani ya ari kalkuletar da dare ya yi nasa lissafin, ya mayar da awon kusurwa daga digiri zuwa radiyan, wani ma'aunin kusurwa na daban, ya dawo mini da ita bai faɗa ba. Washegari ina nuna misalin motar nan, 300 da 400 a digiri 60, sai ta ba ni 146.4. Abin tsoron shi ne wannan amsa ba ta yi kama da shirme ba. Tana tsakanin 100 da 700, inda kowace amsa ta gaskiya take faɗawa. Abin da ya cece ni zanen da ke kan allo ne. Igiyoyin sun fi kusa da juna fiye da na gabas da arewa, saboda haka amsar dole ta wuce 500. Na duba saman allon kalkuletar, na ga ɗan ƙaramin R a inda D ya kamata ya kasance. SHIFT, MODE, 3, ta dawo, 608.3 ya fito. Harafin nan ƙarami ne ƙwarai, da so samu ne da an girmama shi. Yanzu dokar ajina ce: kafin ka danna komai, ka nemi D.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi muhimmanci a wurina. Kalkuletar nan ba ta zane. Ba ta nuna maka kibiya. Shi kuwa wannan ilimi da zane aka fara shi. Simon Stevin, haifaffen ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ya yi bayanin rabuwar ƙarfi a kan gangare a 1586 da zane. Isaac Newton a 1687 ya nuna cewa idan ƙarfi biyu suka yi aiki tare a kan abu, zai bi layin da ya ratsa tsakiyar siffa mai gefe huɗu da aka gina da su. Haruffan i, j da k da muke rubutawa don nuna kason gabas, na arewa da na sama sun zo ne daga baya, daga William Rowan Hamilton na Ayalan a 1843. Wato mutane sun fi shekara ɗari biyu suna haɗa ƙarfi da kibiya kafin a sa masa haruffa. Ɗalibin da ya tsallake kibiya ya faɗa kan maɓalli ba shi da abin da zai gaya masa ya ɓata. Kalkuleta za ta amsa tambayar da ka yi mata da gaskiya, ko da ba ita kake nufi ba. Masu wayar hannu za su iya samun zanen a manhajar GeoGebra, kyauta ce, kuma nakan nuna wa ɗalibai ita a wayata su ja kan kibiya su ga haɗin yana motsi. Amma waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa, kuma ba kowane yaro ke da ita ba. Rula da fensir da awon kusurwa na cikin gwangwanin masaset sun wadatar. A jarrabawar JAMB ma ba a shiga da kalkuleta, ta kan kwamfuta ake bayarwa, saboda haka wanda ya jingina da sashen bekta kaɗai, ranar zai ji jiki.

Maganar jikinta ba doguwa ba ce. Tana amfani da hasken rana da kuma ƙaramin batiri LR44, irin na agogo, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo. Cikin shekara shida sau ɗaya na canza. Da dare idan an ɗauke wuta, da hasken fitilar caji muke aiki a zaure, ba ta taɓa dusashewa ba. Tana kashe kanta bayan kamar minti goma idan ba a taɓa ta ba. Murfinta mai zamewa ne, mai tauri, kuma shi ne ya kare ta daga ƙurar hunturu da garin alli. Ta faɗi daga kan tebur a kan siminti ya fi sau biyar, gefe ɗaya ya ɗan ɓantare, shi ke nan. Rubutun SHIFT ya fara gogewa saboda yawan dannawa, sauran suna nan.

Amma duk wannan yabo ga ta asali yake. Kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da wannan suna, kuma na taɓa faɗawa. Kafin wannan da nake riƙe da ita, na sayi wata a wani shago da ba zan ambata ba. Kuɗinta bai kai rabin wanda aka gaya mini a wani wuri ba, na ga na yi sa'a. Da ido ba ka rabe su. Wata uku tana aiki, sai maɓallin 5 ya fara shiga sau biyu idan na danna sau ɗaya, kuma ka tuna SHIFT da 5 ita ce ƙofar duk lissafin bekta. Rubutun allon sai ka karkata ta kafin ka gani. Ranar da batirin ya mutu na fitar da ita tsakar rana, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na sa sukundireba na buɗe bayanta, na tarar baƙin gilashin da ake cewa na hasken rana ne babu ko waya ɗaya da ta haɗa shi da komai. Ado ne kawai aka liƙa. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗina kaɗai ba. Na tuna iyaye nawa ne suka matse bakin aljihu suka saya wa 'ya'yansu irinta, kuma yaron ba zai gane ba sai tsakiyar jarrabawa.

Abin da na koya daga nan: idan farashi ya faɗi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ka ajiye. Ka riƙe ta a hannu, ka danna kowane maɓalli, na asali yana nutsewa da laushi ya dawo, ba ya ƙara kamar na abin wasan yara, kuma ba ya girgiza a raminsa. Ka duba rubutun da ke jikin maɓallai, na asali yana fitowa sarai, launinsa bai yi ɓaci ba. Ka kalli allon daga gefe da gefe. Ka nemi ɗan littafin bayani a cikin kwali. Sannan ka nemi mai shagon ya yarda ka dawo da ita idan ta nuna matsala, wanda ya san kayansa ba ya jin tsoron wannan sharaɗi.

Yayana na ce masa ya turo yaron mu je tare. Muka shiga shagon wani dattijo mai sayar da littattafai da na daɗe ina hulɗa da shi. Na ce, "Alhaji, ta gaskiyar nake so, ɗana ne." Ya yi murmushi ya miƙa hannu can saman kanta, ba cikin gilashin gaba ba, ya sauko da kwali. Na buɗe, na miƙa wa yaron, na ce ya danna MODE da 8, ya shigar da 2, 3 da −6, ya nemo mini girmanta. Ya ɗan yi jinkiri a wurin AC, ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Da 7 ya fito sai ya ce, "Baffa, bakwai ɗin mene ne?" Na ce tsawon wayar eriyar gidanmu ne, idan ya zo ranar Asabar ya taho da takarda da rula, zai auna da kansa. Muka biya, na kuma ƙara masa da gwangwanin masaset guda.